Giɓin Haƙora Biyu

Shekara ashirin da shida ina gyaran mota a Argungu, ban taɓa ɗaukar ƙarfe mai nauyi na kai Birnin Kebbi don a gwada mini irinsa ba. Takarda nake ɗauka. In abu ya lalace a inji, sai in yagi buhun siminti, in shafa wa ƙarfen baƙin mai, in kifa shi a kan takardar in taka da ƙafa. In na ɗaga, ga siffarsa nan ta fito, ramuka da haƙora da komai. Sai in ninke in sa aljihu, in shiga mota hannu sake kamar mai zuwa ɗaurin aure. Maigidan da ya koya mini aiki haka yake yi, ni ma haka na tashi ina yi, har nakan yi wa sauran makanikai dariya in na gan su a tasha suna nishi da buhun ƙarfe a kai. Sunana Sunusi, amma a bakin tasha Sunusi Mai Takarda ake ce mini, kuma ina son sunan ƙwarai.

Ranar wata Asabar cikin zafin bazara Riskuwa ya kawo motarsa. Sa'ana ne, manomin shinkafa da albasa a fadamar da ke hanyar Augie, mutum mai saurin fushi da saurin hucewa. Motar Fijo 406 ce doguwa, ya cire kujerun baya yana loda albasa a ciki, har warin ya kama kujerar direba. In ya murɗa makulli sai ta yi ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, ba ta tashi sai an tura. Na sauke giyar motar na duba, na ga filawil ne ya gama aiki. Filawil shi ne faifan ƙarfen nan mai nauyi da ke ɗaure a bayan inji, mai haƙora kewaye da bakinsa, wanda kik ke kamawa ya juya injin in an murɗa makulli. Nasa haƙoran sun cinye ta gefe guda, fuskar kuma ta tsattsage saboda zafin kuloci.

Gara in faɗi gaskiya tun yanzu. Ni ɗan tsofaffin motoci ne, su 504 da J5 da injinan ban ruwa. Waɗannan na zamani masu wayoyi kamar taliya, in matsalar ta wuta ce nakan tura su wurin masu wayarin. Amma filawil ai ƙarfe ne, ƙarfe kuwa ban ga wanda zai koya mini shi a Argungu ba. Na kwance shi, na shafa mai, na kifa a takarda na taka. Haƙora ɗari da talatin da shida, ramukan noti takwas, duk suka fito raɗau. Ban juya bayansa na duba ba, don ban taɓa ganin dalilin yin haka ba. Kafin in wanke hannu Riskuwa ya ɗauke tsohon ya ɗaure a bayan babur, ya ce yana da amfanin da zai yi masa a gona.

Ranar Litinin na tafi Birnin Kebbi wurin Uche. Duk kayan da nake sawa a mota, daga hannunsa suke fitowa. Tun yana saurayi ya zo garin, Hausar Kabi ta zauna a bakinsa har in yana waya ba ka cewa ba a nan aka haife shi ba. Shagonsa ne na farko in ka shigo layin masu kayan mota, wuri mai kyau da kowa ke haɗiyar yawu a kansa. Akwai wani benci a ciki da ya zama nawa, in na zo matarsa Nneoma ba ta tambaya, sai dai in ga zoɓo mai sanyi a gabana. Akwai kuma doguwar ƙusa a bango inda Uche ke soke takarduna in na gama da su. Ya ce suna yi masa amfani, in wani ya zo da kwatance maras kai sai ya sauko da su su duba tare. Sun taru sun yi kauri, na ƙasa har sun yi ja don tsufa.

Ya tambaye ni lambar inji, na ce takarda ta isa. Ya tambayi irin motar da shekararta, na gaya masa. Ya shiga ciki ya fito da filawil ɗan Beljiyam, wato na hannu da ake shigowa da shi daga waje, a naɗe cikin leda, duk ya sha giris. Muka ɗora a kan takarda, ya hau daidai kamar murfi da tukunya. Na sha zoɓona na kamo hanya.

Bayan La'asar na zauna a gareji ina wanke shi da fetur, Riskuwa na tsaye a kaina, ga direbobin tasha uku sun zo shan inuwa. Da giris ya fita na juya shi, sai na ga akwai wani layin haƙora na biyu ta baya, ƙanana, a jere gwanin sha'awa. A wuri ɗaya kuma babu guda biyu, giɓi ne sosai. Riskuwa ya sunkuya ya sa babban yatsansa a ciki, ya ɗago ya dube ni.

"Sunusi, da idonka biyu anka saida ma mai giɓi? Halan takardar ba ta hwaɗa maka ba?"

Direbobin suka fashe da dariya. Ɗaya ya ce a kai filawil ɗin asibitin haƙori. Ba wata dariya ba ce ta a zo a gani, amma ni ta shige ni har ƙashi. A gaban mai mota, a cikin garejina, an nuna ɗan kasuwa ya yi wasa da hankalina. Na mayar da shi cikin leda.

Da sassafe ranar Talata na dira a shagon Uche, ban zauna a benci ba. Na jefar da ƙarfen a gabansa har ƙasa ta amsa, na ce ya duba abin da ya ba ni. Ya duba, ya yi murmushi, murmushin nan kuwa shi ya ƙara tunzura ni.

"Malam Sunusi, wanga ba karaya ba ta. Haka kamfani yay yi shi. Da giɓin ga mota ka gane inda fistin yake, ta san lokacin ba da wuta."

Na ce masa na ji ƙarya iri-iri a bakin 'yan kasuwa amma ban taɓa jin mota mai karatu ba. Na ce kamfanin da ya iya jera haƙora hamsin da takwas bai gaji a kan biyu ba. Na ɗaga murya da gangan don layin ya ji, layin kuwa ya ji, mutane suka fara taruwa. Na ce ya karɓi kayansa ya ba ni lafiyayye. Ya ce duk wanda zai ɗauko mini na motar nan haka zan gan shi, kuma ba zai karɓa ba, don in ya karɓa a gaban jama'a ya yarda ke nan karyayye ya sayar. Ya ce in koma in duba tsohon da na cire. Na ce tsohon ai saboda cin haƙora aka cire shi, me zan gani a ciki.

Daga nan na yi abin da har yau in na tuna nake jin nauyi a ƙirjina. Na ɗauki ƙarfen na nufi ofishin ƙungiyarsu ta masu kayan mota.

Shugaban ƙungiyar, Alhaji Abdussamadu, mai sayar da taya ne, dattijo mai gaskiya amma bai san cikin inji ba. Wata guda kafin nan ƙorafi ya yi yawa a kan jabun kaya, sai suka kafa doka cewa duk wanda aka kama ya sayar da lalatacce da sunan lafiyayye, kuma ya ƙi karɓa, za a karɓe shagonsa a ba wani. Sun kuma ce ba a karɓar shaidar ɗan kasuwa a kan ɗan kasuwa, don suna rufa wa juna asiri. Maganar makanikin da ya buɗe injin ita ce hujja. Na san dokar sarai, da ni aka yi ta tafi ranar da aka kafa ta. Alhaji ya sa yatsa a giɓin, ya girgiza kai, ya sa aka rubuta bayanina na sa hannu. Ya kulle filawil ɗin a kabad, ya ce za a zauna ranar Alhamis ƙarfe biyu da rabi, ko na zo ko ban zo ba bayanina ya wadatar.

Da na fito Uche na tsaye a ƙofar shagonsa da matarsa. Nneoma ce ta dube ni ta ce, "Malam Sunusi, kai na?" Na kau da kai na shiga shagon Cyril da ke kusa da su. Na shimfiɗa masa takardata, ya kawo wani filawil, ya hau daidai. Na juya bayansa, sumul, babu layi na biyu balle giɓi. Cyril bai tambaye ni irin motar ba, ni ma ban gaya masa ba. Abin da takarda ta nema ya ba ni, ba zan ɗora masa laifi ba.

Ranar Laraba na ɗaura shi, na mayar da kuloci da giya, na ce wa Riskuwa ya murɗa. Kik ya kama lafiya lau, injin ya juya da daɗin ji, babu ƙarar tsakuwa. Na gyara tsayuwa ina jiran ta tashi. Ba ta tashi ba. Ya sake murɗawa, ta yi ta juyi kamar mai neman abin da ya ɓata. Na ce fulogi ne, na canza. Na ce mai ne bai hau ba, na duba famfo na ga yana aiki. Na ciro wayar fulogi na kanga a jikin inji, ko ƙyallin wuta babu. Muka tura ta har bakin titi da dawowa, direbobin shekaranjiya suna taya mu suna gumtse dariya. Riskuwa sai zagaye yake yi, albasarsa na tare a gona cikin rana, ga mai saye zai zo daga Kudu ranar Asabar. Har Magariba ta yi ban gano komai ba, na ce masa batir ne ya yi sanyi, gobe da safe za ta tashi.

Da safen Alhamis na aro batir, shi ma bai yi komai ba. Wajen ƙarfe goma da rabi ina kwance a kan inji ina bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya, hannuna ya faɗa kan wani ɗan baƙin abu kamar yatsa, a soke a saman kaskon giya, da waya a gindinsa. Ni na cire shi ranar Asabar, ni na mayar da shi jiya, ban taɓa tambayar kaina aikinsa ba. Na kwance shi na zura yatsa a ramin. Yatsana ya sauka a bayan filawil, daidai inda layin ƙananan haƙoran nan zai kasance da akwai shi. Na ce wa Riskuwa ya juya injin a hankali da sifana. Ƙarfe ya yi ta wucewa ƙarƙashin yatsana, sumul, babu abin da wannan ɗan baƙin abu zai ƙidaya.

Maganar Uche ta dawo mini kalma bayan kalma. Na sauko na tambayi Riskuwa ina tsohon filawil ɗin yake.

"Shina cikin gulbi," in ji shi.

Ashe bututun da injin ban ruwansa ke zuƙo ruwa da shi ne ke tasowa sama yana shan iska, shi ya sa ya ɗaure masa filawil ɗin a baki ya nutsar da shi ƙasa. Ya ce tunda yake bai taɓa samun abin da ya riƙe bututun kamar wannan ba.

Na kira Uche, wayar ta yi ta ƙara bai ɗauka ba. Na sake kira, ya kashe. Na kira Alhaji Abdussamadu na ce a ɗan dakata da zaman, akwai abin da nake son in tabbatar. Ya ce ba a dakatar da zama da waya. Abin da aka faɗa a gaban jama'a, a gaban jama'a ake janye shi, kuma da hujja a hannu, don kada a ce an bi ta bayan fage an saye ni. Ya ƙara da cewa mutum biyu sun riga sun nemi shagon, ƙarfe biyu da rabi za a zauna.

Muka hau babur ɗin Riskuwa. Hanyar gonarsa rabi kwalta ce rabi kunyoyin shinkafa, muna tafe ina duba agogon waya kamar zai canza ra'ayi. Sha biyu saura muka isa. Injin na ta bugawa a bakin gulbi, ruwa na kwarara cikin gonar shinkafa, ranar ban ruwansa ce. Da na ce a kashe, ya ɓata fuska ya ce in aka ciro ƙarfen bututun zai taso, kuma shinkafar ta kwana uku ba ta sha ba. Na ce ya kashe kawai, ya dube ni ya ga ba wasa a fuskata, ya kashe.

Abin kunya ne a ce ɗan Argungu bai iya ruwa ba, to ni ban iya ba. Na tuɓe riga na bi bututun da hannu, laka na cin ƙafata har ƙwauri. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai cibiya, ya kai ƙirji, ƙafata ba ta taɓa ƙarfen ba. Sai da ya kawo mini haɓa na ji shi da yatsun ƙafa. Riskuwa na bakin gaɓa yana cewa in fito ya shiga, na ƙi. Na ja numfashi na nutsa, na lalubo wayar da ya ɗaure da ita, ya murɗe ta kamar wanda ke ɗaure ɓarawo. Sau huɗu ina nutsawa ina tasowa, na sha ruwan gulbin Rima har na ƙoshi, wayar ta yanke ni a tafin hannu. A na biyar ta sake. Na rungumo ƙarfen na jawo shi bisa laka har gaɓa, na zube ina tari.

Ban jira numfashina ya dawo ba na juya bayansa. Laka ta cike ko'ina. Na yi ta kwarfa ruwa ina gogewa da ciyawa, sai ga ƙananan haƙora suna fitowa. Na ɗora yatsa na fara ƙidaya a fili, Riskuwa ya tsuguna kusa da ni. Har ga Allah ina ƙidayar ina fatan su cika sittin, don in sun cika ni ke da gaskiya. Hamsin da shida, hamsin da bakwai, hamsin da takwas, sai yatsana ya faɗa rami. Giɓin haƙora biyu ne, gefensa a goge sumul, aikin inji, babu alamar karaya. Motar nan shekara da shekaru tana yawo da shi tana kai albasa kasuwa.

Riskuwa ne ya fara magana, murya ƙasa-ƙasa duk da babu kowa a wurin sai tsuntsaye.

"Maida shi cikin ruwa, Sunusi. Ni da kai muka gani. Gobe ka tai Sakkwato ka sawo irinai ka ɗaura, mota ta tashi, shi ke nan. In kat tai can ka hwaɗi, wa ka sake kawo ma mota garin ga?"

Ba zan ce maganar ba ta shige ni ba. Ta shige ni sosai. Na hango direbobin tasha, na ji irin sunan da za su sauya mini. Na tuna makanikan da na yi wa dariya shekara da shekaru, duk za su rama a rana ɗaya. Ƙarfen na gabana, gulbin na bayana, tura shi da ƙafa kawai zan yi. Na daɗe a zaune ina kallon jinin hannuna yana ɗiga a kan laka. Abin da ya hana ni ba wani babban tunani ba ne, tambayar Nneoma ce da ta ƙi barin kunnena tun ranar Talata.

Na tashi na zazzage wani buhun taki na cusa ƙarfen a ciki. Agogo ya nuna ɗaya saura kwata. Riskuwa ya dubi bututunsa da ya taso yana lilo a kan ruwa, ya dubi shinkafarsa, ya yi tsaki. Ya ce in muka tsaya jiran motar tasha ta cika sai La'asar, in hau kawai ya kai ni. Ai shi ya fara sa yatsa a giɓin, in ji shi.

Ban taɓa sanin nisan Birnin Kebbi ba sai ranar. Filawil na kan cinyata, haƙoransa sun huda buhun suna cin naman ƙafata, ga wando jiƙe, ga rana kamar ta sauko ƙasa. Muka wuce Argungu ba mu tsaya ba, na ga garejina da motar a buɗe ta gefen ido. A wani ƙauye muka tsaya muka yi Azahar a gurguje, Allah Ya karɓa, don ni dai rabin hankalina na kan agogo. Bayan nan muka tarar da garken shanu sun cika titi, makiyayin na tafe abinsa kamar titin gonar babansa ce. Riskuwa ya yi ta danna oda, ni ina ta kiran Alhaji Abdussamadu, wayarsa a kashe, alamar an kusa zama ke nan. Biyu da rabi ta same mu ba mu ko hango gari ba.

Uku saura minti biyar muka shiga layin masu kayan mota. Tun daga nesa na ga taro a ƙofar shagon farko. An gama zama. Kwalaye na jere a waje, Uche na fitowa da wani a kafaɗa, Nneoma na zaune a kan bencina da aka fitar, ta haɗa kai da gwiwa. Alhaji Abdussamadu na tsaye da sabon kwaɗo a hannu yana jiran a gama kwashewa.

Na sauko, na ɗora buhun a kai, don hannuna ya gaza. Haka na ratsa taron, Sunusi Mai Takarda da buhun ƙarfe a kai, laka har gira. Na sauke a gaban Alhaji na ce a ɗauko wanda ke cikin kabad. Ya dube ni sama da ƙasa, ya aika aka ɗauko. Na kifa su biyun gefe da gefe, na ce ya sa yatsa a nan, ya sa a nan. Ya sa. Ya sake sawa. Ya tambaye ni wannan mai lakar daga ina, na ce shi ne wanda na cire daga motar da hannuna, ga mai motar nan a tambaye shi. Riskuwa ya ce haka ne.

Alhaji ya ce to me nake cewa yanzu, in faɗa da ƙarfi kowa ya ji, kamar yadda na faɗi ta farko.

Na dubi mutanen, na ga makanikai biyu da na sani a ciki, har da wani ɗan unguwar Gesse da na taɓa yi wa dariya a tasha.

"Kayan Uche lahiya lau suke," na ce. "Haka kamfani ka yin su. Ya hwaɗa mani, ban saurara ba. Ni na ban san aikin ba, kuma ni na niy yi mai ƙazafi."

Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Alhaji ya jefa kwaɗon a aljihu, ya yage takardar bayanina biyu, ya ce a mayar wa mutum da kayansa ciki. Waɗanda suka tsaya kallo ɗazu su ne suka fi kowa saurin ɗaukar kwali. Ni ma na sunkuya zan ɗauki ɗaya, Nneoma ta ɗora hannu a kai ba ta dube ni ba, na janye.

Na tsaya a ƙofar shagon har aka gama. An mayar da bencin wurinsa, ba wanda ya ce in zauna. Uche ya goge filawil ɗinsa da tsumma, ya naɗe shi a leda kamar ranar farko, ya ajiye a gabana. Na buɗe baki na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu ya ce ya ji abin da na faɗa a waje, ya isa. Ya ce in na ɗaura in tabbata ɗan baƙin abin nan ya zauna sosai, sansa ake ce masa, in goge bakinsa kafin in mayar. Sannan ya juya ya miƙa hannu bango, ya zare takarduna daga ƙusa, duka, har da jajayen na ƙasa. Ya daidaita su a kan teburi, ya ɗaure da igiyar leda, ya ɗora a kan filawil ɗin.

"In za ka sake zakkuwa, Malam Sunusi, ka taho da ƙarhen," ya ce.

Ranar Juma'a kafin a tafi masallaci na gama ɗaurawa. Riskuwa ya murɗa makulli sau ɗaya, motar ta tashi, ya yi ta taka totur yana murna, albasarsa za ta kai ga mai saye. Ya ɗauki tsohon ƙarfensa ya koma da shi gulbi. Ni kuwa na shiga ciki na nemi inda zan ajiye damin takardun, na rasa, don garejina babu ƙusa a bango. Suna nan a ƙarƙashin teburin aiki, ban kwance igiyar ba.